Kaya a teku, shari'a a tudu: yadda ɗan kasuwar Yamai ko Tawa zai zaɓi ofishin lauyoyi

Nijar ba ta da gaɓar teku, amma shinkafar da ke jibge a magazan Yamai, da tayoyi da atamfofi da wayoyin da ake sara a Babbar Kasuwa, yawancinsu sai da suka yi makonni cikin jirgin ruwa kafin su hau kamyo. Shekara da shekaru Kwatano ce ƙofarmu: kaya su sauka, su biyo Paraku da Malanbil, su tsallako gada zuwa Gaya, su wuce Doso. Tun da aka rufe wannan iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, akasarin kayan suka koma Lome, suna ratsa Burkina Faso, suna shigowa ta Tera cikin ayari da rakiyar soja. Hanya ta yi tsawo, kwantena tana daɗewa a waje, kamfanin jirgi kuwa kowane kwana lissafa shi yake yi.

A irin wannan harka, abin da ya fi cin ɗan kasuwa ba rashin gaskiya ba ne, wa'adi ne. Mutum yana da gaskiya ƙarara, amma kwanakin da doka ta ba shi ya yi magana sun wuce yana can yana bin masu ba da haƙuri. Saboda haka lauya tun kaya ba su taso ba ake neman sa, kuma da wa'adin nan ake auna shi.

Fara da sanin inda matsalar take

Kwantena guda da ta taso daga Sin ko Dubai zuwa Tawa takan bi ta ƙarƙashin doka uku. A cikin ruwa, abin da ke aiki shi ne sharuɗɗan da ke bayan takardar BL, wato takardar da kamfanin jirgi ke bayarwa shaidar ya ɗauki kayanka, da yarjejeniyoyin duniya kan dakon kaya a jirgi, da dokar ruwa ta ƙasar da tashar take. Daga tasha zuwa ƙofar magazanka, dokar OHADA ce ta dakon kaya a mota. Cinikin da ke tsakaninka da wanda ya sayar maka kuma yana kan abin da kuka rubuta, in kun rubuta. Ga duwan a gefe da tata dokar.

OHADA ƙungiya ce ta ƙasashe 17 da suka haɗe dokokin kasuwancinsu tun yarjejeniyar Port-Louis ta 1993. Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso da Kodebuwa duk suna ciki, kuma kotun ƙolinsu ta shari'ar kasuwanci, CCJA, tana Abijan. Najeriya da Gana ba sa ciki, abin da ya kamata duk mai tura albasar Galmi zuwa Akra ko mai ƙetare Ƙonni zuwa Illela ya riƙe a ransa. Wani abin kuma: OHADA ta yi dokar kamfanoni, ta bashi, ta jingina, ta dakon mota, amma ba ta yi ta dakon jirgin ruwa ba. Lauya zai iya zama gwani a OHADA, bai taɓa karanta bayan takardar BL ba.

Kafin ka je kowane ofis, zauna da ɗanka ko akawunka ku rubuta a shafi ɗaya: wa ya yi alkawarin me, yaushe, wace takarda ce shaida, nawa ne kuɗin. Sannan ka yanke abin da kake so. Kayanka kake so a sako, kuɗinka kake so a biya, ko hulɗa kake so ta ɗore? Amsar ce za ta nuna irin ofishin da ya dace da kai.

Tabbatar lauya ne

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ƙungiyar lauyoyin Nijar tana da jerin sunayen waɗanda aka yarda su yi aikin, shugabanta ana ce masa Batoniye. Ka duba sunan, ka san ko cikakken lauya ne ko mai neman ƙwarewa a ƙarƙashin wani. Kada ka bi ta hannun ƴan kamashon da ke shawagi a harabar kotu. Wanda ya fara maka da "alƙalin namu ne" kuwa, ɗauki takalmanka.

Ka kuma san aikin kowa. Tiranziter shi ke fitar da kaya daga duwan. Noter shi ke rubuta takardun da doka ta ce sai ta hannunsa. Wisiye shi ke kai sammaci, ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya zartar da hukunci. Ba ɗayansu da zai tsaya maka a matsayin lauya, amma ofishi mai kyau yana da nasa a cikinsu da zai kira da gaggawa.

Gwada shi da takardunka

Tambayi abokan sana'a biyu ko uku da suka taɓa shiga irin rigimarka, ka fitar da ofis biyu ko uku, ka je wa kowanne da tsohuwar BL ɗinka, da takardar ɗaukar kaya ta direba, da faktir. In sun ce sai ka biya kuɗin ganawa, biya. Ya fi arha a kan zaɓen tumun dare.

Miƙa wa lauyan BL ɗin ka ce: "Metir, da kayan nan sun iso a jiƙe, ina zan kai ƙara, kuma kwana nawa gare ni?" Wanda ya san aikin zai juya bayan takardar, ko ya nemo cikakkun sharuɗɗan kamfanin a intanet, tun kafin ya buɗe baki. A can ne aka rubuta kotun da za ta saurari ƙarar. Maersk da MSC kotun Landan suke sakawa, CMA CGM kotun kasuwanci ta Marsey, Hapag-Lloyd ta Hamburg. Ko alƙalin Lome ko na Kwatano zai bi wannan sharaɗi ko zai yi watsi da shi, magana ce da ake gwabzawa a kanta, kuma ya kamata lauyanka ya faɗa maka hakan da kansa. In ya ce kawai "sai mu shigar a Yamai" bai duba komai ba, ka samu amsarka.

Sai wa'adi. A ƙarƙashin ƙa'idojin Hague na 1924 da gyaransu na 1968, ɓarnar da ido ke gani a wurin karɓar kaya ake rubuta ta, wadda ke ɓoye kuma cikin kwana 3, ƙara kuwa cikin shekara 1. A ƙarƙashin ƙa'idojin Hamburg na 1978, kwana 15 ne da shekara 2. Wanne ya hau kan kayanka ya danganta da tashar da aka loda, da wadda aka sauke, da abin da BL ta ce. In ba ka rubuta ƙorafi a kan lokaci ba, doka za ta ɗauka lafiya ka karɓi kayan, kai ne da aikin kawo hujjar akasin haka. In shekarar ƙara ta wuce kuma, magana ta mutu. Wasiƙun "muna nazari" da kamfanin jirgi ke aikowa ba sa tsayar da lissafin, sai in an samu ƙarin wa'adi a rubuce.

A kan hanya ma haka. Dokar OHADA ta 2003 kan dakon kaya a mota tana aiki matuƙar wurin lodi ko wurin saukewa yana cikin ƙasar OHADA. Ɓarnar da ke bayyane, a rubuta wa mai mota zuwa ranar aiki ta farko bayan saukewa. Ta ɓoye, kwana 7 ban da Lahadi da ranakun hutu. Jinkiri, kwana 21. Kafin kotu ta karɓi ƙara, dole ka riga ka aika takardar neman diyya cikin kwana 60 da sauke kaya, ko cikin wata 6 da ɗaukar su in ba su iso ba sam. Ƙarar kanta shekara 1 ce, sai in da zamba a ciki ta zama 3.

Abin da ya fi girgiza mutane shi ne iyakar diyya: sefa 5,000 a kan kowane kilo. A ce katan na wayoyi mai kilo 20 ya ɓace tsakanin Lome da Yamai. Ko da miliyan uku ka saye shi, jika 100 ne iyakar abin da za ka bi mai mota, sai fa in an rubuta ainihin darajar kayan a takardar ɗauka, ko an tabbatar da ganganci a kansa. Ga mai buhunan albasa wannan iyaka ba ta da zafi, ga mai kayan lantarki kuwa asara ce tsagwaronta. A teku ma akwai irin wannan iyaka, a kan kilo ko a kan ƙunshi, shi ya sa akwai bambanci babba tsakanin BL da ta ce "kwantena 1" da wadda ta lissafa katan nawa ne a ciki. Lauyan da ya ja hankalinka ga wannan tun kafin ka tambaya, ka riƙe shi da kyau.

Tambaye shi kuma batun haɗaka. Da yawa daga cikin ƙananan ƴan kasuwarmu kwantena ɗaya suke haɗawa su biyar ko goma, sunan mutum ɗaya a takarda. A idon kamfanin jirgi, wannan mutum shi kaɗai ne mai kaya. In ya ci bashi aka riƙe kwantenar, ko ya rasu, sauran sai su nemo abin da za su nuna. Lauya zai rubuta muku takarda ta tsakaninku, gajera, mai nuna kason kowa.

Na ƙarshe a gwajin shi ne inshora. In an sayar maka a kan sharuɗɗan cinikin ƙasa da ƙasa da ake kira FOB, CFR ko CIF, hatsarin kaya ya dawo wuyanka tun lokacin da aka ɗora su a jirgi a can tashar mai sayarwa. Inshorar da ke cikin CIF kuma mafi ƙanƙanta ce, sau da yawa a tashar saukewa take ƙarewa, alhali rabin wahalar tana kan tudu. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar teku da ke cewa in an yi asara ko kashe kuɗi don ceton jirgi da abin da ke ciki, duk masu kaya sai sun yi karo-karo. Haka aka yi da jirgin Ever Given da ya toshe mashigin Suwez a Maris 2021: masu kayan da ko ƙwarzane ba su yi ba sai da suka ba da lamuni kafin a sakar musu. Mai inshora kamfaninsa ke tsaya masa, marar ita sai ya ajiye kuɗi.

Wa gare shi a tasha?

Lauyan Yamai ba zai je ya leƙa kwantena a Lome da safe ya dawo da yamma ba. Kama jirgi don tilasta biyan diyya, ko neman alƙali ya ba da umarnin sakin kaya cikin gaggawa, a kotun garin da tashar take ake yi. Dokar 2014 kan aikin lauya ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta ba lauyan Nijar damar tsayawa a kotun Togo, Benin ko Kodebuwa, tare da ajiye adireshi a ofishin wani abokin aiki na can. Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ba ta fitar da ita daga UEMOA ko OHADA ba. Amma a Tema ko Legas, sai lauyan can.

Don haka ka nemi suna: wane ofis ne abokin aikinku a Lome, a Kwatano, a Abijan? Kun taɓa aiki tare? Wa zai biya shi, ni ko ku? Wane ƙwararren mai duba ɓarna za ku kira, kuma za a gayyaci wakilin jirgi ya halarci dubawar? Rahoton da aka yi a bayan idon abokin shari'a ƙarfinsa kaɗan ne. In ofishin ya san jami'an CNUT, hukumar da ke kula da masu shigo da kaya kuma take ba da takardar BSC ta bin sawun kaya, wannan ƙari ne, don wasu rigingimun kuɗin jinkiri da na ajiyar kwantena da zama ake kashe su, ba da sammaci ba.

Na wa ne shi?

Manyan ofisoshin Yamai da yawa suna da kwangila da bankuna, kamfanonin inshora, na waya da na ma'adinai. A garuruwan tasha kuma, gwanayen shari'ar teku galibi su ne lauyoyin kamfanonin jirage. Ba laifi ba ne, amma doka ta hana lauya tsaya wa ɓangare biyu masu adawa. Kafin ka buɗe masa cikinka, faɗi sunan bankinka, kamfanin jirgin, tiranziter da abokin rigimar, ka ce ya duba ko yana yi wa ɗayansu aiki.

Ra'ayina a nan shi ne girman ofis ba shi ne ma'auni ba. Mai neman bashin banki na ɗaruruwan miliyoyi ko mai haɗa jari da baƙi, babban ofis mai sassa ya fi masa. Mai kwantena uku ko huɗu a shekara, ofishin lauya biyu ko uku da zai ɗaga masa waya ya fi masa alheri a kan babban gida inda mai suna zai gaisa da shi ranar farko, ya bar shi da yaro. Tambaya kai tsaye: wa zai riƙe takarduna, wa zai tsaya gaban alƙali?

Ga ɗan kasuwar Tawa akwai batun nisa. Yawancin lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune, tafiyar sama da kilomita 500. Yamai tana da kotun kasuwanci ta musamman, a Tawa da Ƙonni kuwa babbar kotun gari ce ke sauraron irin waɗannan ƙararraki. Ku yi maganar kuɗin mota da masauki tun farko, da kuma wanda zai wakilci lauyan ranar da zama ɗagewa kawai za a yi.

Sai harshe. Kundin mulkin ƙasa da aka zartar a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, amma takardun kotu da Faransanci suke fitowa, BL kuwa da Ingilishi. Kana bukatar ofishin da ke karanta biyun, kuma ya iya mayar maka da su Hausa har ka gane. Kada kunya ta sa ka ce "to" a kan abin da bai shige ka ba.

Kamfani da bashi

A nan ake gane lauyan da ke hangen nesa. Rajistar kamfani, samun lambar rajistar kasuwanci (RCCM) da ta haraji (NIF) a Maison de l'Entreprise, ba abu ne mai wuya ba. Aikin lauya shi ne abin da za a rubuta a cikin tsarin kamfanin. Wane nau'in kamfani za a zaɓa? SARL ce ta dace, ko SAS da gyaran dokar 2014 ya kawo mai barin abokan tarayya su tsara mulkinsu yadda suka ga dama, ko SA da ke bukatar jarin aƙalla sefa miliyan 10? Wa ke sa hannu a banki? In ɗaya ya so fita, wa zai sayi kasonsa, a wane farashi? In ya rasu, magada za su shigo cikin kamfanin ne ko kuɗi za a ba su? Gidajen kasuwanci nawa muka gani sun watse a wurin rabon gado saboda dukiyar Alhaji da ta shago ba a taɓa raba su a takarda ba.

Ƴan uwan da ke juya kuɗi tare ba rajista su sani: in alƙali ya tabbatar tarayya ce a aikace, kowannensu zai ɗauki dukan bashin, har a taɓa dukiyarsa ta gida.

Game da bin bashi, tambaye shi hanyar gaggawa ta neman umarnin biya, wadda ake bi in bashin tabbatacce ne, an san adadinsa, lokacinsa ya yi. Bayan gyaran dokar na 2023, wanda aka kai wa irin wannan umarni kwana 10 gare shi ya ƙalubalanta. In kai aka kawo wa, kada ka jefa takardar wisiye a aljihu ka tafi Umara. Ka kuma san cewa a tsakanin ƴan kasuwa doka ta yarda da kowace irin hujja, har ta na'ura, don haka saƙonnin WhatsApp da rasit na tura kuɗi kada a goge su. Rigimar saye da sayarwa tsakanin ƴan kasuwa shekara 2 ce wa'adinta, sauran basussukan kasuwanci galibi 5.

Lauyan kirki ba kullum kotu yake nunawa ba. Sulhun da dattawan kasuwa suka yi, in an rubuta shi bisa dokar sasanci ta OHADA ta 2017 aka kai wa alƙali ya tabbatar, ana iya zartar da shi kamar hukunci. Akwai cibiyar sasanci da hukuncin masu shiga tsakani ta Yamai, CMAN, a ƙarƙashin majalisar ƴan kasuwa. In abokin cinikinka yana Sin, Dubai, Najeriya ko Gana, saka sharaɗin irin wannan hukunci a kwangila ya fi amfani, domin duk waɗannan ƙasashe suna cikin yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Nijar ta shiga tun 1964, kuma ita ce ke sa a zartar da hukuncin a can inda dukiyarsa take.

Kuɗin aiki

A rubuta. Takardar ta nuna aikin da aka ɗauke shi ya yi da inda ya tsaya: kotun farko kaɗai, ko har ɗaukaka ƙara, ko har Abijan? Ta raba ladan lauya da kuɗin ɗawainiya irin na wisiye, rajistar kotu, fassara, tafiya da ƙwararru. Ta faɗi ko harajin TVA, kashi 19 cikin 100, yana ciki. In akwai kaso da zai ɗauka in an yi nasara, a fayyace: a kan abin da alƙali ya yanke ne ko a kan abin da ya shigo hannu? Tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa. Mai shigo da kaya a kai a kai ya duba tsarin biyan wata-wata, wanda zai ba shi damar turo kwangila a duba kafin ya sa hannu.

Duk abin da ka biya, karɓi rasit. Kuɗin da aka karɓo maka daga abokin shari'a kuma ta asusun CARPA na ƙungiyar lauyoyi ya kamata su bi, ba ta aljihun kowa ba.

Bayan ka zaɓa

Ba shi kwafi, ka riƙe asali, musamman asalin BL, sai in kotu ta nema, kuma ko a nan a rubuta maka an karɓa. Faɗa masa gaskiya duka, har faktir ɗin da aka rage wa kuɗi saboda duwan. Sirrinka amana ce da doka ta ɗora masa, kuma gara ya ji daga bakinka da ya ji daga bakin lauyan abokin gaba. Nemi ya ba ka jerin wa'adodin shari'arka a rubuce, da kwafin duk abin da ya shigar, da labari bayan kowane zama.

In abin ya ƙi daɗi, kana da ikon sauya lauya a kowane lokaci. Rubuta masa, nemi takardunka, sabon lauyan zai tuntuɓe shi kamar yadda ƙa'idar aikinsu ta tanada. Saɓani kan kuɗin aiki wurin Batoniye ake kai shi, in ba ka gamsu ba ka wuce ga shugaban kotun ɗaukaka ƙara. Sai dai kada ka yi sauyin a tsakiyar wa'adi ba ka riga ka samu wanda zai karɓa ba: in shari'arka ta kai matakin zuwa CCJA, wata 2 ne kacal daga ranar da aka isar maka da hukunci, kuma kotun ba ta karɓar ƙara sai ta hannun lauya.